Batirin lafiyarsa ƙalau: nazarin ƙaramar motar lantarki mai jan tirelar dashe

Ƙorafi guda aka kawo gareji: batir ya fara mutuwa. Mai motar wata mata ce da ke renon dashen itatuwa da furanni, tana kai wa masu saye har inda suke. Ta zo ne a gwada mata batirin, a rubuta mata takarda ta kai wa dillalin da ya sayar mata da motar tun garanti bai ƙare ba. Hujjarta kuwa mai ƙarfi ce. Motar da a da take nuna kusan kilomita 400 idan ta cika da caji, yanzu wata safiyar sai ta nuna 250, wata ma ƙasa da haka. Akwai ranar da suna dawowa daga kai kaya ita da maigidanta, hoton kunkuru ya fito a allon gaban direba, motar ta rage ƙarfinta da kanta, da kyar suka ƙaraso gida.

Motar ƙarama ce mai ƙofa biyar, shekararta biyu da ɗoriya, tayoyin gaba ne ke jan ta. Abin da za a iya amfani da shi a batirinta ya kai kWh 60 (kWh shi ne ma'aunin yawan wutar lantarki, irin wanda mita ke ƙirgawa), kuma irin wanda ake haɗawa da nikel, manganis da kobal ne. A gida suke caji da akwatin bango mai ba da kilowat 7.4, in an jona ta da dare kafin gari ya waye ta cika. Yawancin zirga-zirgarta gajeru ne, kai yara makaranta, zuwa lambu, sayayya. Sai kuma lokaci-lokaci a ɗaura mata ƙaramar tirela mai taya biyu a kai dashe, abokin ciniki mafi nisa kuwa tafiyar kusan kilomita 200 ce zuwa da dawowa.

Batun tirelar a ƙarshen bayaninta ta kawo shi, kamar abin da bai shafi maganar ba. "Ai ba wani kaya ba ne, Malam," in ji ta. "Dashe ne a leda. Ni kaɗai ma ina tura tirelar a tsakar gida."

Abin da gwaji ya nuna

Na jona kwamfutar gwaji a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Lafiyar batirin tana sama da kashi 90 cikin 100, bambancin wutar da ke tsakanin ƙwayoyinsa ɗan kaɗan ne, babu wadda ta zame ta bar 'yan'uwanta, kuma motar ba ta ajiye alamar wata matsala ba. Don kada mu dogara ga abin da motar ke faɗa a kan kanta, sai muka bar cajin ya yi ƙasa sosai, muka cika ta, muka karanta mitar akwatin caji. Da aka cire asarar da ake yi a hanyar caji, wadda takan kai kusan kashi ɗaya cikin goma, lissafin ya zo daidai da na kwamfuta. Garantin batir a yawancin motocin nan shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma a kan batun raguwar ƙarfi ba ya aiki sai ƙarfin batir ya faɗi ƙasa da kashi 70. Wannan batirin ko kusa bai je ba.

Da na gaya mata, ba ta ji daɗi ba, kuma na fahimce ta. Wanda ya ga lamba tana raguwa da idonsa, in ka ce masa lafiya lau, gani yake ka raina masa hankali. Sai na zaunar da ita a kujerar direba na buɗe mata tarihin tafiye-tafiyen da motar ke ajiyewa. Lambar kilomita da ke fitowa da safe hasashe ce, motar tana duba yadda aka sha wuta a tafiyar baya-bayan nan ne ta raba abin da ke cikin batir da shi. In jiya an ja tirela, yau da safe za ta ɗauka yau ma haka za a yi, ko da tirelar tana jingine a gida. Bayan kwana biyu na yawon cikin gari lambar takan sake hawa, kuma Hajiya ta tabbatar min haka take gani, ta ɗauka dai ciwon ne ke tashi yana kwanciya.

A tarihin nan muka ga abin da ya juya binciken. Ranakun cikin gari motar tana shan kusan kWh 15 a kowace kilomita 100. Ranakun kai kaya kuwa tana shan 27 zuwa 28. Abin mamakin shi ne, zuwa da kaya da dawowa babu kaya kusan ɗaya suke, bambancin bai taka kara ya karya ba. Da nauyi ne ke cinye wutar, da dawowar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

"Hajiya, gani ya kori ji. Ki zo min da tirelar a ɗore, yadda kuke fita da ita, kada ki gyara komai."

Tirelar

Kafin na kalli tirelar na buɗe ƙofar motar na duba ɗan allon da ke jikin ginshiƙi, inda lambar jikin mota take. A motocin da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai akwai layi huɗu na nauyi a nan: na farko iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, na biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, sauran biyun na tayoyin gaba da na baya. In layi na biyu fayau yake ko sifili ne, masu ƙera motar ba su yarda a ja komai da ita ba, ko da wani ya ɗaura mata ƙugiyar jan tirela. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙananan motocin lantarki. Nissan Leaf ta farko da ta fito a 2010, da Renault Zoe, da BMW i3, duk ba a ba su izinin jan tirela ba. Volkswagen ID.3 da ta fito a 2020 ma abin ɗora kekuna kawai aka yarda a maƙala mata. Na baya-bayan nan sun fara sassautawa: MG4 kilo 500, Kia Niro mai lantarki ta biyu kilo 750, Volvo EX30 daga kilo 1,000 zuwa 1,600 gwargwadon samfurin. Mota biyu masu kama ɗaya a ido, ɗaya tana da izini ɗaya ba ta da shi, kuma ranar da aka yi haɗari wannan layin kamfanin inshora zai fara karantawa. Motar Hajiya an ba ta kilo 750.

Muka kai tirelar kan sikeli da kayanta, ba ta cika kilo 500 ba. Ta fuskar nauyi ba su karya doka ba, ba su kuma ƙure motar ba.

Tsayinta ne abin kallo. Domin kare dashen daga iska da rana, sun sa an yi mata keji na ƙarfe mai kusurwa huɗu, aka lulluɓe da tamfol. Kejin ya ɗara rufin motar da fiye da kamu ɗaya, ya kuma ɗan fi ta faɗi, gabansa a miƙe tsaf kamar bango. Tamfol ɗin an ɗaure shi ne da igiya a kusurwoyi kawai, tsakiyarsa sako-sako, har ya fara yagewa wurin ramukan igiya saboda kaɗawa. Na leƙa ciki. Galibin dashen bai wuce gwiwa ba, 'yan ƙalilan ne suka kai ƙugu. Fiye da rabin kejin iska ce zalla a ciki.

Duk wanda ya taɓa ɗauko faifan katako a tsaye yana tafiya gaba da iska ya san cewa ba nauyin katakon ke wahalar da shi ba. Lissafin ma haka ya nuna, kuma yana da kyau a bi shi a hankali domin a nan gizo ke saƙar. Tirela mai kilo 500 a kan kwalta, da tayoyi masu isasshiyar iska, gurzar tayoyinta da ƙasa ba ta cin abin da ya wuce kWh ɗaya da rabi a kilomita 100. Hawan tudu ma ba wani abin tsoro ba ne: ɗaga wannan nauyin sama har mita 1,000 kusan kWh ɗaya da rabin ne dai, kuma motar lantarki tana ƙwato wani kaso a gangara, domin injinta yakan koma janareta ya mayar da wuta cikin batir. Iska kuwa abin da ta ci ya tafi ke nan. Ƙarfin da take turo abin hawa da shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato daga kilomita 80 a awa zuwa 100, gudu ya ƙaru da kashi 25 amma turin iska ya ƙaru da kashi 56. Ƙaramar mota irin wannan, da aka goge mata kowace kusurwa don iska ta zame, tana kashe kusan kWh 8 a kilomita 100 wurin keta iska in tana gudun 100, kusan 5 in tana gudun 80. Keji mai faɗin goshi da ya leƙo sama da rufinta yana iya ninka wannan cikin sauƙi. Ke nan a cikin ƙarin da muka gani a tarihin motar, kason nauyi ɗan kaɗan ne, sauran duk iska ce da gudu. Shi ya sa dawowa da tirela fanko ba ta rage musu komai ba: sun sauke dashe amma ba su sauke bangon ba.

Maigidan, wanda shi ke tuƙi a doguwar tafiya, ya kawo tambayar da kowa ke kawowa. "To Malam, tsohuwar motarmu ta fetur wannan tirelar take ja, ba mu taɓa tsayawa a hanya ba." Gaskiya ne, ita ma tana shan ƙarin mai, ba su dai lura ba ne. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashin kusan kWh 9, tanki mai lita 50 ke nan ya haura kWh 400. Batirin wannan motar gaba ɗayansa bai kai makamashin lita 7 ba. Abin da ke kai ta kilomita 400 da wannan ɗan guzurin shi ne ba ta ɓarna, mafi yawan wutar tana isa taya, alhali injin fetur yana zubar da kusan kashi biyu cikin uku a zafi da hayaƙi. Wanda ba ya ɓarna, duk ƙarin da aka ɗora masa a fili yake fitowa.

Abin da ba a zo dominsa ba

Da a ce wuta kaɗai ce matsalar, da a nan rahoton zai tsaya. Amma da na kwance tirelar daga motar, hannu ɗaya na sa na ɗaga bakinta, ta taso ba musu. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Na ɗauko sikelin awon nauyin mutum, na yanko guntun katako daidai tsayin ƙugiyar motar, na kafa shi a kan sikelin na ɗora bakin tirelar. Allurar da kyar ta wuce kilo 10. Dalili yana can baya: jarkokin ruwan ban dashe da buhunan ƙasar shuka, mafi nauyin kayan, su ake lodawa a ƙarshe, don haka suna bayan tayoyi, dab da ƙofar baya.

Tirelar da nauyinta ya koma baya takan fara kaɗa wutsiya in gudu ya kai wani mataki, ko babbar mota ta wuce ta, ko aka shiga gangara. A Turai ana so nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙugiya ya kama kashi 5 zuwa 7 na nauyinta, a Amurka sukan ce kashi 10 zuwa 15. A wannan tirelar, ko da ma'aunin Turai, ana neman kilo 25 zuwa 35, muddin ba a wuce iyakar da aka buga a jikin ƙugiyar ba, wadda a tasu kilo 75 ce. Na tambayi maigidan ko yana jin tana lilo. Ya ce wani lokaci, in ya wuce manyan motoci, amma motar tana da ƙarfi, ba ya ma jin akwai abu a bayansa.

Wannan magana tasa ita ce ta fi damuna a duk lamarin. Motar lantarki tana ba da ƙarfinta gaba ɗaya tun daga tsaye, babu ƙugin inji, babu sauya giya, babu abin da zai tuna wa direba cewa rabin tan na biye da shi. Motar fetur ƙarama takan yi nishi a tudu ta sa mutum ya shiga taitayinsa. Wannan ba ta nishi. Iyakar da aka rubuta a ginshiƙin ƙofa kuwa ba a kan ƙarfin ja kaɗai aka gina ta ba, har da birki, da ƙarfin jikin motar inda ƙugiya ke kamawa, da zafin da inji da batir za su iya jurewa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da irin waɗannan motoci. In tirela ta fara lilo, abin da ake koya wa direba shi ne ya riƙe sitiyari a miƙe, ya sassauta totur a hankali, kada ya danna birki da ƙarfi. To maigidan yana tuƙi ne da saitin da motar ke kama kanta sosai da zarar an ɗaga ƙafa, wanda a cikin gari daɗi ne da shi, ƙafa ɗaya ta isa. Da tirela a baya, ɗaga ƙafa farat ɗaya a wannan saitin daidai yake da taka birki, kuma tirelarsu ba ta da birkin kanta, duk nauyinta motar za ta tura. Na nuna masa yadda zai sauke saitin zuwa mafi sauƙi duk ranar da zai ja kaya a babbar hanya. Na kuma gaya masa cewa in batir ya cika maƙil, ko yana da sanyi ƙwarai, wannan kamun yakan ragu ko ya ɓace, tunda babu inda wutar za ta shiga. Wanda zai fara tafiya da doguwar gangara gara ya tsayar da cajinsa a kashi 90.

Wayarin fitilun tirelar ma aikin gaggawa ne. Wanda ya ɗaura ƙugiyar ya feɗe wayoyin fitilun baya ne ya ɗosana nasa, ya naɗe da salatif. Fitilu suna kamawa, amma motar ba ta san an ɗaura mata komai ba, shi ya sa take ta ƙara in an sa ribas, kuma tsarin da ke taimakawa wurin kwantar da lilon tirela ba ya shiga aiki yadda aka tsara shi. Ƙugiyar kanta, alhamdu lillahi, ta ainihi ce da aka yi don wannan samfurin, an kuma ɗaure ta a ramukan da masu ƙera motar suka tanada. Da an huda ko an yi walda a ƙarƙashin motar da batir ke shimfiɗe a cikinta, kusa da wayoyin nan masu launin lemo da ke ɗauke da wuta mai kisa, da maganar ta zama wata daban. Tayoyin tirelar kuwa lambobi huɗun da ke gefensu, masu nuna mako da shekarar ƙira, sun nuna sun tsufa sosai, gefensu ya tsattsage, iskarsu ta yi ƙasa. Boris ɗin gefe ɗaya yana zafi in an taɓa bayan 'yar tafiya.

Gyaran da aka yi

Motar ba a taɓa mata komai ba sai wayarin, wanda aka sauya da na'urar da aka yi dominta da soket mai fil 13. Sauran aikin duk a kan tirela ne. Mai walda ya yanke ginshiƙan kejin ya mayar da su masu zugewa da fil, ta yadda a yawancin tafiya rufin yana ƙasa da na motar, in dashe mai tsawo ne a ɗaga ko a kwantar da shi a karkace. Aka sa wa gaban faifai mai gangara. Tamfol ya samu maɗaurai masu ɗamewa har ba ya motsi. In an sauke kaya, kejin gaba ɗaya naɗewa yake yi ya kwanta. Jarkoki da buhuna suka koma kan tayoyi da ɗan gabansu kaɗan, Hajiya ta shafa fenti a daɓen tirelar don yaran lambu su san iyaka, guntun katakon nan da sikeli kuma suka zama kayan aiki. Sababbin tayoyi, sabon boris.

Gudu ne aka sha muhawara a kansa. Maigidan yana ganin tafiya a kan 80 ɓata lokaci ne. Muka zauna da biro: kilomita 100 a gudun 100 awa ɗaya ce, a gudun 80 awa ɗaya da kwata. Minti goma sha biyar ke nan a zuwa, goma sha biyar a dawowa. Tsayawa caji a hanya da tirela kuwa ba ta yin ƙasa da rabin awa in an haɗa da kwancewa da ɗaurawa. Ƙasashe da dama ma doka ce ta yanke: a Jamus mai jan tirela 80 ne iyakarsa sai in ya samu izini na musamman na 100, a Ingila mil 60 a awa a babbar hanya, mil 50 a hanya mai falle ɗaya. Ya yarda zai gwada, ba don na gamsar da shi ba, don dai Hajiya ta ce ba za ta sake ganin kunkuru ba.

Da suka dawo duba boris bayan wani lokaci, na sake buɗe tarihin. Zuwa da kaya ya sauko kusan kWh 20 a kilomita 100, dawowa da keji a kwance 17 zuwa 18. Tafiyar da a da take cinye kusan kWh 55 cikin 60, ta bar su ba su da abin da za su tari sanyi ko iskar gaba da shi, yanzu ba ta kai 40 ba. Suna shigowa gida da fiye da kashi ɗaya cikin uku a batir.

Zama da motar

Abin da gyara bai magance ba shi ne caji a hanya. Yawancin tashoshin caji an gina su ne kamar wurin ajiye mota, a shiga da kai ko da baya, igiyar kuma gajera ce. Wanda kafar cajin motarsa ke goshi yana iya shiga da kai, amma tirelar za ta tare hanya. Wanda tasa ke gefen baya kuwa dole ya kwance, ya nemi inda zai jingine tirelar, ya sa mata waigi da kwaɗo, ya yi caji, ya dawo ya ɗaura, ya sake gwada fitilu. Ga kuma cewa caji mai sauri yana sauri ne tsakanin kashi 10 da 80, daga nan sai ya ja jiki. Don haka a doguwar tafiya zangon gaskiya tsakanin tsayawa da tsayawa kashi 70 ne na batir, kusan kWh 42 a wannan motar, wato kilomita 200 da ɗan abu da tirelar da aka gyara, 150 da ta da.

A sauran ranaku motar ba ta neman komai mai yawa, sai 'yan halaye da muka daidaita. Irin batirinta ya fi son a tsaya a kashi 80 a cajin yau da kullum, a cika shi 100 sai daren da za a yi tafiya, a saita lokaci ya ƙare dab da fita don kada ya daɗe a cike. Masu batirin ƙarfe da fosfet, wanda ake kira LFP, shawararsu daban ce, akan so su riƙa cikawa akai-akai domin motar ta daidaita lissafin abin da ke ciki. Ɗumama ko sanyaya cikin mota tun tana jone da bango yana rage wa batir aiki. Tayoyin gaba suna saurin cinyewa, motar tana da nauyi kuma su ke ja, ga tirela na ɗan danne baya, shi ya sa a hanyar lambu mai tsakuwa sukan yi ta juyawa a banza in an taka da ƙarfi, saitin tattalin wuta yana taushe wannan. Ranar jan kaya a ƙara wa tayoyi iska zuwa adadin cikakken lodi da ke rubuce a bakin ƙofa, a kuma tuna cewa nauyin bakin tirela yana cikin lodin motar, wanda dama ba shi da yalwa a motar da batir ya riga ya cinye mata kaso. Faifan birki kuwa tsatsa ke kama su don ba a cika amfani da su ba, yana da kyau a riƙa taka su da kyau jefi-jefi a hanyar da ba kowa, musamman ga wanda zai dogara da su da tirela marar birki. Ƙaramin batir mai bolt 12 yana nan kamar a kowace mota, in ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. In kuma ta tsaya a hanya, ɗaukar ta ake yi a bayan mota, ba a jan ta da tayoyin da ke haɗe da inji a ƙasa.

A ganina motar ta dace da aikin Hajiya, kuma zan faɗi haka ga duk mai irin yanayinta: yana caji a gida, abin da yake ja ana iya ƙasƙantar da shi ƙasa da rufin mota, kuma tafiyarsa mafi nisa zuwa da dawowa ba ta wuce rabin zangon da motar ke yi ita kaɗai ba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, lissafin yakan sauya da sauri. Mai jan ɗakin kwana na tafi-da-gidanka ko akwatin dabbobi ba shi da yadda zai rage tsayi, kuma ba zan ba shi shawarar ƙaramar motar lantarki ba ko da allon ƙofa ya yarda da nauyin.

Ita ma akwai aikin da muka cire daga wuyan motar. Wani lokaci akan nemi manyan itatuwa da suka fi mutum tsawo, waɗanda ba sa kwanciya, a kai su wuri mai nisa. Irin wannan sai an ɗaga kejin har ƙarshe, a koma shan wuta irin na da, a tsaya caji a zuwa a tsaya a dawowa. Ga waɗannan ta koma ɗaukar hayar motar kaya tana sa kuɗin a cikin ciniki. Takardar da na rubuta mata a ƙarshe ta ƙunshi sakamakon gwajin batir, don ta ajiye ta kwatanta da na baɗi, sai awon nauyin tirelar da na bakinta, da adadin iskar da za a riƙa sa wa tayoyi shida.